Kowane ƙwaro da lokacinsa: koriyanda da darɓa a garaken Yamai

Da zarar watan Nuwamba ya kama, iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, sai bakin kogin Kwara a Yamai ya sauya kama. Daga Gudel da Yantala zuwa Gamkalle da Saga, da kuma ƙetaren gada wajen Lamorde, Nogare da Kirkisoy, har cikin kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar birni, ko'ina masu garka ne riƙe da arozuwar, wasu kuma suna jan tiyon injin ban ruwa. Salati da shu da karoti da tumati da albasa su ne manyan kayan da ke cika kasuwannin Katako da Wadata. Amma a gefen waɗannan, a kan sami fangali ɗaya ko biyu da aka keɓe wa ganyayen ƙamshi, watau persil da seleri da na'ana'a, wani lokaci har da koriyanda, wadda Faransawa ke kira coriandre, Larabawa kuma kuzbara.

Koriyanda ba ta cikin manyan shuke-shuken ƙasar Nijar, kuma babu mai ciyar da gida da ita kaɗai. Duk da haka ta cancanci a tsaya a dube ta, domin ɗan gajeren zamanta a garka yana nuna wani abu da ya shafi dukkan noman rani: ƙwari ba su faɗa wa shuka haka kawai, kowannensu yana da watan da yake zuwa, da watan da yake ƙarfi, da watan da yake ɓacewa. Manomin da ya san wannan lissafi yana rage kuɗin magani, yana kuma kare cikin wanda zai ci ganyen, tun da yake koriyanda, kamar salati da persil, sau da yawa ɗanya ake cin ta.

Shuka ce daɗaɗɗiya. Asalinta ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne da Gabas ta Tsakiya, har ma an tarar da ƴaƴanta a cikin kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda aka gano a shekarar 1922. A yau ƙasar Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta, musamman a jihohin Rajastan, Madiya Paradesh da Gujarat, ana kuma noma ta a Maroko da Masar. Ƴar dangin karoti ce da persil da seleri, kuma furenta iri ɗaya ne da nasu, ƙanana farare da suke buɗewa kamar laima. Tana da saiwa guda mai shiga ƙasa, saboda haka ba ta son dashe; inda aka shuka ta nan take zama. Cikin kwana 40 zuwa 50 a kan fara yankar ganye, wanda kuwa yake son ƴaƴa sai ya jira wata 3 zuwa 4. Babban halinta shi ne ƙin zafi. In rana ta yi ƙarfi, sai ta daina yin ganye, ta miƙe tsaye ta yi fure da gaggawa, ganyen da ya rage kuma ya koma siriri, ba ya sayuwa.

Wannan hali ne ya ƙayyade mata lokaci a Yamai. A watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauka wajen digiri 15 zuwa 17, da rana kuma zafi ba ya wuce digiri 32 ko 33 da yawa. A Afirilu da Mayu kuwa, digiri 41 da rana ba abin mamaki ba ne. Ke nan ƙofar koriyanda tana buɗewa ne daga ƙarshen kaka, ta rufe da shigowar bazara. Abin takaici shi ne, yanayin da take so shi ne daidai yanayin da babban maƙiyinta yake so.

Darɓa, baƙon ɗari

Duk manomin dawa ko wake ya san darɓa: ƙananan ƙwari masu taushin jiki, ba su fi ƙwayar riɗi girma ba, wasu kore, wasu ruwan toka, wasu baƙi, suna cunkushewa a bayan ganye da kan tsiro suna tsotsar ruwan shuka. Irinsu suna da yawa. Akwai wanda masana suka ba sunan Hyadaphis coriandri, wanda ya fi son koriyanda da danginta. Akwai Myzus persicae wanda ba ya zaɓen abinci, yana bin shu da tattasai da dankalin turawa da salati. Akwai kuma Aphis gossypii na auduga da kuɓewa da kankana. A idon mai garka duka darɓa ne, kuma aikinsu ɗaya ne.

Abin da ya sa darɓa ke ba mutane mamaki shi ne yadda yake yaɗuwa. A ƙasashe masu zafi irin Nijar, macen darɓa ba ta buƙatar namiji, ba ta kuma yin ƙwai. Ƴaƴa take haihuwa da ransu, dukkansu mata, kowace kuwa cikin mako ɗaya ko kwana 10 ta isa haihuwa ita ma. Uwa guda tana iya haihuwar gommai a cikin ƴan makonnin rayuwarta. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: in uwa ɗaya ta sauka a fangali a farkon Janairu, kafin ƙarshen wata jikokinta da tattaɓa-kunnenta sun rufe kan shuka. Shi ya sa mai garka yakan rantse cewa jiya babu komai, yau kuma ga annoba. Alhali kuwa sun yi makonni suna nan a bayan ganye, ba a juya ganyen an duba ba ne.

In wuri ya yi musu ƙunci, ko shukar ta fara tsufa, sai su fara haihuwar masu fiffike. Waɗannan ba su da ƙarfin tashi mai nisa, amma iska tana ɗaukarsu, kuma a garaken Yamai inda fangalin wannan ke jingine da na wancan, tafiyar ba ta da wuya. Ta haka darɓan da ya taso a tsohon shu da aka bari ba a tuge ba yake isa ga sabon salati ko persil na maƙwabci. Myzus persicae kuwa, ban da tsotsa, yana ɗaukar cututtukan shuka daga mai ciwo zuwa mai lafiya da bakinsa, kamar yadda allura guda ke yaɗa cuta tsakanin mutane.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ganye yana nannaɗewa, tsiro yana tsayawa, shuka tana yin rawaya. Darɓa yana zubar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo a kan ganye, ƙurar hunturu ta manne masa, daga baya wata baƙar funfuna ta rufe shi. Ganyen ƙamshi da ya yi danƙo da baƙi kuwa, ko an wanke shi, mai saye ba ya waiwayarsa. Wannan ruwan zaƙi ne ke jawo kiyashi da tururuwa, har su riƙa tsaron darɓa suna korar masu cinsa, kamar makiyayi da garkensa. Saboda haka in aka ga kiyashi na hawa da sauka a jikin shuka ba hutawa, to a juya ganyen.

Inda aka fi bin diddigin wannan ƙwaro a kan koriyanda shi ne Indiya, domin can shukar kuɗi ce ta dubban gidaje, har akwai cibiyar binciken ƴaƴan ƙamshi a kusa da birnin Ajmer. A Rajastan ana shuka ta a Oktoba ko Nuwamba, a girbe a Maris, watau kusan lokaci ɗaya da noman rani na Nijar, kuma ƙasa ce mai fari da ƙura kamar Sahel. Abin da masu binciken can suke gani shekara da shekaru shi ne: darɓa yana fara bayyana kaɗan-kaɗan a tsakiyar sanyi, wajen ƙarshen Disamba ko Janairu, yana ƙaruwa mako bayan mako, ya kai ƙololuwa a Fabarairu ko farkon Maris, daidai lokacin da shuka ke fure tana ɗaura ƴaƴa, sannan ya faɗi da sauri in zafi ya shigo, shuka kuma ta bushe. A shekarar da ta yi muni, asarar ƴaƴa kan kai kusan rabi. Sun kuma lura cewa wanda ya yi shuka da wuri yakan tsira, domin shukarsa ta riga ta ƙosa kafin rundunar ta taru. Wanda ya makara kuwa, furensa yana buɗewa ne a tsakiyar yaƙi.

Darasin ya dace da bakin Kwara. Sanyin Yamai bai kai na Rajastan ba, zafin kuma yana rigan nasu shigowa, amma tsarin ɗaya ne: sanyi mai bushewa, ba ruwan sama da zai wanke ganye, ga shuka mai taushi da ake shayarwa safe da yamma. Akwai kuma wani abu da mai garka ke ƙarawa da hannunsa ba tare da ya sani ba, watau takin zamani na ure. In aka zuba shi fiye da kima don ganye ya yi kore shar, ruwan jikin shukar yana ƙara daɗi ga darɓa, haihuwarsa ta ƙaru. Ganyen da ya fi kyau a ido a makon farko shi ne ya fi cika da ƙwari a mako na uku.

Masu taimako da ba a biya

Darɓa yana da nasa maƙiyan, su ma kuwa da lokacinsu. Na farko shi ne ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya kamar rabin ƙwarya, ja ko ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo baƙi, wanda littattafan Faransanci ke kira coccinelle. Shi da tsutsarsa, wadda take doguwa mai duhu da ƙafa shida, abincinsu darɓa ne, kuma tsutsa guda tana cinye ɗaruruwa kafin ta zama babba. Na biyu wani ƙuda ne mai zanen rawaya da baƙi kamar zuma, wanda ke iya tsayawa cik a iska a gaban fure. Shi kansa ruwan fure yake sha, amma yana ajiye ƙwansa a tsakiyar darɓa, tsutsarsa ta fito ta yi ta tsotse su ɗaya bayan ɗaya. Na uku wasu ƴan mitsi-mitsin rina ne da ido ke gani da ƙyar, masu soka ƙwai a cikin jikin darɓa. Bayan kwanaki sai a ga darɓan ya kumbura, ya bushe, ya koma ruwan ƙasa kamar ƙwayar gero; wannan alama ce cewa aiki yana tafiya.

Matsalar ita ce masu taimakon nan kullum a baya suke zuwa. Sai abinci ya yi yawa sannan su yi yawa, saboda haka akwai mako biyu ko uku da darɓa ke gaba, su suna biye. A cikin wannan tazara ce hankalin mai garka ke tashi, ya ɗauko famfon feshi. Maganin da ya fesa kuwa, in mai kashe kowane irin ƙwaro ne, ya fi yi wa masu taimako illa, domin su a fili suke yawo, darɓa kuwa yana ɓoye cikin nannaɗaɗɗen ganye. Ƴan kaɗan da suka tsira sai su sake cika fangali cikin kwana 10, a wannan karo babu mai cinsu. Sai a sake feshi, a ƙara awo, a ce maganin bana ba ya da ƙarfi. Ƙwari kuma suna sabawa da dafi: Myzus persicae ya yi suna a duniya wajen jure wa magunguna iri-iri, tsutsar shu kuwa, Plutella xylostella, tun shekarar 1953 aka ba da labarin cewa maganin DDT ya daina kashe ta a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya.

A nan ne koriyanda ke da wata daraja da ba a sayarwa a kasuwa. Furenta buɗaɗɗe ne, ba zurfi, saboda haka ƙananan rina da ƙudan nan mai tsayawa a iska suna iya shan ruwansa cikin sauƙi, ga zuma kuma tana cika shi. A ƙasashe da dama an gwada shuka layin koriyanda a gefen shu ko salati ko tumati, a bar ta ta yi fure, don ta tara masu cin darɓa. Ke nan koriyandar da zafi ya sa ta miƙe, wadda mai garka ke gani asara ce yana shirin tugewa, tana iya zama gidan baƙi ga sojojin da ke tsare masa sauran fangali. Sai dai da sharaɗi: duk wanda ya fesa dafi a kan shuka mai fure da hantsi, lokacin da zuma ke kai, ya kashe mai ɗaura masa ƴaƴa da hannunsa.

Abin da ke gaban ɗari da abin da ke bayansa

Kafin darɓa ya iso, akwai waɗanda damana ta bari. Ruwan Yamai, wanda yake tsakanin milimita 500 da 600 a shekara, yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. In ya ɗauke, ciyawar daji ta bushe, sai garka ta zama ita kaɗai ce kore a wurin, duk abin da ke cin ganye kuma ya nufo ta. Fara tana cikin na farko. Wadda ake kira farar Senegal, Oedaleus senegalensis, takan bi ruwa zuwa arewa da damana, ta dawo kudu da iskar kaka a Satumba da Oktoba, ta binne ƙwai a ƙasa su kwana har damana mai zuwa. Ta yi ɓarna mai yawa a Sahel a 1974 da 1986. Farin ƙuda, Bemisia tabaci, shi ma a ƙarshen damana yake da yawa, yana tasowa daga kuɓewa da yakuwa da ciyayi, kuma shi ke kai wa tumatin farko cutar nannaɗewar ganye. A cikin ƙasa kuma akwai gyare da wata tsutsa mai ruwan toka da ke kwana a binne da rana, ta fito da dare ta yanke ƙaramar shuka daga gindi. Wanda ya ga tsiron koriyanda a kwance da safe kamar an bi shi da reza, ya tona ƙasar gindin da yatsa, yakan same ta a naɗe.

Ga wahalar zaɓi ke nan. Wanda ya yi saurin shuka a farkon Oktoba yana gamuwa da fara da sauran zafin kaka. Wanda ya bari sai ƙarshen Disamba yana kai shukarsa bakin darɓa, sannan bazara ta tarar da ita ba ta gama ba. Watan Nuwamba ne ya fi dacewa. Mai neman ganye kuma gara ya raba irinsa, ya riƙa shuka ɗan kaɗan kowane mako biyu ko uku, ya yanke da wuri, maimakon ya cika wuri a rana guda. Fangalin da aka yanke cikin kwana 45 bai ba darɓa lokacin tara zuriya ba.

Daga Maris kuwa labari ya sauya. Zafin da ya haura digiri 35 yana rage haihuwar darɓa, ya kashe da yawa, amma yana buɗe hanya ga wasu. Jan gizo-gizo, wanda ba ya fi ƙwayar barkonon gari girma ba, yana son zafi da ƙura, yana saƙa a kan tumati da yalo har su bushe a tsaye. Wasu ƴan siraran ƙwari masu suna Thrips tabaci suna shiga tsakanin ganyen albasa su mai da shi fari-fari. Tun shekarun 2010 kuma an sami sabon baƙo daga Kudancin Amurka, tsutsar tumati Tuta absoluta, wadda a 2016 ta cinye gonakin tumati a jihohin Kano da Kaduna na Nijeriya, ta kuma shiga garaken Nijar. Koriyanda ba ta ganin mafi yawan wannan, domin lokacin ta riga ta bar garka. Da damana kuma ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe darɓa daga ganye, tsutsotsi da ruɓa su karɓi wuri.

Abin da ke shiga ciki

Noman rani ya sami babban matsayi a Nijar bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su koma fadamu da bakin rijiyoyi don cike giɓin hatsi. Tun daga nan garake suka ƙaru, birnin Yamai ya faɗaɗa, cin ɗanyen ganye ya shiga gidaje da yawa. Ƙaruwar garake kuwa tana nufin ƙwari sun sami abinci wata 12 a shekara, inda a da rani ke yanke musu zuriya. Tare da wannan sai cinikin maganin ƙwari ya bazu, har a kan tebur a kasuwa, a cikin kwalabe da ƙunshin leda da ba su da takarda.

Hukumomin da ke da alhakin wannan al'amari ba su da nisa da garaken. Ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, wadda aka kafa a 1973 saboda fari, ta buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, a ƙetaren kogi, inda ake bin yanayin sama da ruwa, ake kuma horar da ma'aikatan kare shuke-shuke na ƙasashe da dama. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, an kafa ta a 1975. Akwai ofishin kare shuke-shuke na ma'aikatar noma, da birgadiye na ƙauyuka da aka koya wa feshi. Tun 1994 kuma wani kwamiti na ƙasashen Sahel mai zama a Bamako ke tantance magungunan da aka yarda a sayar, kuma a 2007 aka yanke hukuncin hana endosulfan a ƙasashen CILSS. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta sha bayyana cewa da yawa daga magungunan da ake samu a kasuwannin Nijar ba su cikin waɗanda kwamitin ya amince da su. Sananne a cikinsu shi ne wanda jama'a ke kira piya-piya, mai sinadarin dichlorvos, dafi mai ƙarfi da ba shi da wurin zama a kan ganyen da za a ci.

Ko maganin da aka amince da shi yana da ƙa'ida. A jikin takardarsa an rubuta shukar da aka yi shi dominta, da awon da za a zuba, da kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi: wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. Maganin auduga ba na salati ba ne. To, shukar da dukkan zamanta a garka kwana 45 ne, ana kuma yankar ta kaɗan-kaɗan kowace safiya don kai wa ƴan kasuwa, ina za ta sami mako biyu na jira? Wanda ya fesa da yamma ya yanka da asuba, dafin yana tafiya cikin kwando har kan faranti, wankin ruwa kuma ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga jikin ganye. Na farko da ke shan wahala ma shi ne mai feshin kansa, wanda sau da yawa ba shi da safar hannu ko abin rufe hanci, da yaran da ke taya shi ban ruwa. A nan jami'an da ke karanta wannan shafi suna da aiki, haka ma duk wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci: a garkar da mutum ɗaya ya iya karanta takardar kwalba, ya karanta wa goma.

Ga ganyen ƙamshi, hanyoyin da ba su da dafi sun fi dacewa, kuma suna aiki in an fara su da wuri. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: daga tsakiyar Disamba, sau biyu a mako, a zaga fangali a juya ganyen shuka 10 ko 20 a wurare dabam-dabam, musamman gefen da iska ke bugowa. In an ga darɓa a kan ƴan tsiraru, a cire kan da ya kamu a binne shi. Ruwan arozuwar da aka zuba da ƙarfi daga sama yana zubar da da yawa. Ruwan sabulun wanki na gargajiya, ɗan kaɗan a cikin bokiti, yana kashe waɗanda ya taɓa, sai dai a gwada a shuka biyu tukuna don kada ya ƙona ganye. Tsohon shu da ciyayin bakin fangali kuma a tuge su, kada su zama rumbun ƙwari.

Sai bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, itacen da ya cika titunan Yamai, wanda kuma aka dasa layi-layi a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska. A shekarar 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kowane kore ta bar bedi, daga nan bincike ya gano sinadarin da ke cikin ƴaƴansa, mai hana ƙwaro ci da girma. Yadda malaman gona ke koyarwa shi ne: a daka busassun ƴaƴan bedi kimanin giram 500, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma, a tabbata ruwan ya taɓa bayan ganye. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin ƴan kwanaki, saboda haka a kan maimaita bayan mako guda. Ba ya kashewa nan take kamar dafi, abin da ke sa masu gaggawa su raina shi, amma illarsa ga masu cin darɓa kaɗan ce. Yana da ɗaci, don haka a dakata da shi kwanaki kafin yanka, a kuma wanke ganyen sosai.

Wanda ya bar wani sashe ya yi ƴaƴa don iri ko don yaji, da sauran aiki a gabansa. A Indiya da wasu ƙasashe akwai wata ƴar ƙaramar rina, Systole albipennis, wadda ke soka ƙwai a cikin ɗan koriyanda tun yana ɗanye. Tsutsar ta cinye cikinsa, ta girma a ciki, ta huda ƙaramin rami zagayayye ta fita. Daga waje ƙwayar tana nan kamar lafiya lau, amma ba ta tsira. Tun da yake irin da ake shukawa sau da yawa daga buhun ƴan yaji ake sayo shi, wanda ya yi doguwar tafiya daga wata ƙasa, yana da kyau a zuba ɗan kaɗan a tafin hannu a duba ko akwai masu rami, a kuma jiƙa ƙwaya 20 a cikin ƙyalle mai laima na kwana 10 zuwa 14 a ga nawa suka tsiro kafin a shuka fangali duka. Ƙwayar koriyanda biyu ce a manne, in aka murza ta a hankali ta rabu, tsirowa ta fi sauri.

A cikin ɗaki kuma akwai ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa da ke cin yaji da busasshen ganyen taba, suna mai da ƴaƴan koriyanda gari, kuma da zafi da laimar damana suke ƙarfi. Ana yanke kawunan ne in sun fara komawa ruwan ƙasa, da sassafe kafin su bushe su zube, a shanya su a inuwa mai iska, a sussuka, a sake shanyawa har ƙwaya ta riƙa fashewa a haƙori. Daga nan a zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi da ba ya shan iska, a cika shi har baki, a ajiye nesa da zafin rufin kwano, a riƙa buɗewa sau ɗaya a wata ana duba ko gari ya taru a ƙasa.